Girkin ƙarfe uku na dare a Bukarest

Na sauka Romaniya karatu a 1983, ina taƙamar ba a ba ɗan Kano labarin ɗauke wuta. Ashe ban san komai ba. A gida in wuta ta tafi, tabarma za ka ɗauka ka fita shan iska. A Bukarest kuwa, babban birnin Romaniya, cikin hunturun 1985, ina za ka fita? Ƙanƙara ta rufe ko'ina.

Lokacin shugaban ƙasar, Nicolae Ceausescu, ya rantse sai ya biya bashin da ƙasashen waje ke bin Romaniya, dala biliyan goma da ɗoriya. Lantarki masana'antu ke fara sha, gidaje sai ragowa. Kwan fitila mai wat 40 aka yarda da shi. Talabijin ta koma awa biyu a rana, su ma galibi Ceausescu ake nunawa.

Wadda ta koya min zaman ƙasar wata dattijuwa ce mai tsaron ƙofar ɗakunan kwananmu. Ita ta ce in cika bokitai da ruwa tun da wuta, don in ta tafi famfon sama ya ƙafe. Kyandir da ashana kuma su kwana a aljihun kwat, kwat ɗin a jikina. Gas da rana harshensa bai fi na ashana ba, ko shayi ba ya tafasawa. Sai wajen ƙarfe uku na dare yake ƙarfi, to a lokacin nake dafa wakena na kwana uku, ina gyangyaɗi a tsaye.

Wautar da na tafka: wani dare sanyi ya ishe ni, na kunna murhun gas a kicin, na rufe ƙofa, barci ya sace ni. Gas ya ɗauke, wutar ta mutu, can ya dawo yana ta zuba. Warin ne ya jawo dattijuwar nan. Ta wangale taga, ta finciko ni waje tana faɗa: "Ɗana, haka mutane ke mutuwa a garin nan!" Da na fara zagin masu mulki sai ta toshe min baki, ta nuna bango. 'Yan Securitate, wato 'yan sandan ciki, ba su da ranar hutu.

A Afrilun 1989 aka yi shelar an gama biyan bashin. Daren nan ma da kyandir na yi karatu.