Waƙa takwas na ɗauka, bakwai suka fito

Shekara shida ina riƙe da makirufo a ƙungiyarmu, daga bukukuwan Gaya zuwa na Garko, duk inda muryata ta zame fiyano ya rufa mini asiri. Da na ce zan yi albam nawa na kaina, ba fiyano ba 'yan amshi, daga ni sai jita, abokai suka ce wa zai taka rawa da wannan. Ni kuwa Ɗan Maraya Jos nake tunawa, wanda har ya rasu a 2015 kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya ishe shi.

Riɗi buhu uku na sayar na biya situdiyo a titin gidan Zoo. Ranar da na fara jin muryata ba lulluɓi, har jan numfashina da gogar yatsa a kan tsirkiya, kunya ta kama ni. Akwai waƙar da na maimaita sau goma sha ɗaya.

Kafin in saki aikin sai na kai wa maigidanmu memori ya sa albarka. Ya ce, "Ɗana, bar mini in saurara a tsanake." Na bari. Ba takarda, ba shaida. Bayan mako uku, ranar Juma'a a kasuwar Wudil, ina wucewa ta rumfar masu tura waƙa na ji waƙar da na rubuta wa marigayiya mahaifiyata, an ɗora mata fiyano da kiɗan rawa, wani yaro na rerawa, ana kiran sunan ƙungiya a tsakiya. Ƙafata ta kasa ɗaukata.

Na same shi a zaure na durƙusa. "Ranka ya daɗe, waƙar Inna ce." Ya ce duk abin da na rera a inuwarsa nasa ne. Manya suka ce in yi haƙuri, ubangida ne. Na yi, amma ban koma ba.

Masu tasowa, kada aikinku ya kwana a hannun kowa kafin ya fita, ko da wanda ya koya muku ne. Ku rubuta yarjejeniya. Ku karɓi asalin ɗaukarku daga situdiyo a ranar.

Albam ya fito da waƙa bakwai, kowace tawa ce. Ta takwas ban sake rera ta gaban kowa ba, kuma har yau in na ji ta a wayar ɗan acaɓa, hanya nake canzawa.