Wayar da aka cika da laka

Ɗazu da la'asar ina zaune wajen mai cajin waya a bakin tasha, sai ga wani yaro ɗan dako da fara'arsa, ya miƙo waya a sa masa caji. Wai yanzu ya saye ta naira dubu 15 a hannun wani matafiyi da kuɗin mota ya yanke wa. A gabansa mutumin ya kunna ta, har hoto ya ɗauke shi, sannan ya mayar da ita aljihu suka ci gaba da ciniki. Ashe a nan aka yi musanyar. Mai caji ya ɓalle murfin baya, sai ga busasshiyar laka an danƙara a ciki don ta yi nauyi.

Yaron bai yi ihu ba. Ya goge gilashin da bakin rigarsa, ya ce, "Malam, don Allah ka sake dubawa, ɗazu fa ta kawo wuta." Wallahi sai da na kau da kai. Buhu nawa ya ɗauka a kansa kafin ya tara kuɗin nan? Kuma ya ce ba arahar kaɗai ta ja shi ba, mutumin ya yi ta rantsuwa har ya ba shi tausayi. Gobe in matafiyi na gaskiya ya tare shi da irin wannan roƙon, ba na jin zai tsaya ya saurara.