Sun Sauya Mini Mai Kisan

Asabar, sha ɗayan dare ta wuce

Na kwanta barci ya ƙi zuwa, shi ne na tashi na jawo waya. Wani zai ce don fim kawai? To ni dai ya tsaya mini a rai kamar ƙayar kifi a maƙogwaro.

Da safe wanki na yi da shara. Bayan azahar ƙanwata ta shigo da kwamfutarta tana murna, wai ta samo mini shirin nan na BBC da na daɗe ina cigiya, wanda aka ɗauko daga littafin Agatha Christie mai suna Ordeal by Innocence. Kashi uku ne, tun watan Afrilun 2018 aka nuna shi a Ingila, ni sai yau Allah ya yi. Na dafa shayi da citta, muka baje a tabarma, muka jingina kwamfutar a kan filo.

Littafin na Baba ne, Allah ya jiƙansa. Bangon ya rabu biyu, da hannunsa ya ɗinke shi da baƙin zare, takardun kuma sun yi ja suna warin tsohuwar akwati. Ina aji biyar na sakandare na fara karanta shi da ƙamus a gefe, kuma daga lokacin na maimaita shi ya fi sau biyar. Wanda bai karanta ba ya tsaya a nan, don zan fasa ƙwan.

A 1958 littafin ya fito. Wata mai kuɗi ce, Rachel Argyle, ta ɗauki yara biyar riƙo. Wata rana aka tarar an rotsa mata kai da ƙarfen tona wuta. Aka kama Jacko, wanda shi ne fitinannen cikin yaran. Ya rantse cewa a daidai lokacin yana cikin motar wani mutum da ya rage masa hanya, amma aka nemi mutumin aka rasa. Aka ɗaure shi, ciwon huhu ya kashe shi a kurkuku. Sai bayan shekara biyu mai motar ya bayyana, Dakta Arthur Calgary. Ashe babbar mota ce ta buge shi ya manta abin da ya faru, daga nan ya bi tawagar masu bincike zuwa yankin ƙanƙara na kudancin duniya. Ya zo gidan da zaton za a rungume shi don ya wanke musu ɗa. Ko mutum ɗaya bai yi murna ba.

Wannan wurin ne ya kama ni tun ina yarinya. In ba Jacko ba ne, to ɗaya daga cikin mutanen gidan ne ke nan. Mijin marigayiya Rachel ya koma satar kallon matar da yake shirin aura, ita ma tana satar kallonsa, 'yan'uwa suna cin abinci tare kowa da abin da ke ransa. Hester, ɗaya daga cikin 'yan matan, ta faɗa wa Calgary cewa ba mai laifin ne abin ji ba, marasa laifin ne. Duk wanda aka taɓa yin sata a gidansu aka rasa ɓarawon ya san wannan zaman.

To a shirin na nemi marasa laifin na rasa. Kowa mugu, kowa na zagi, kowa na kurɓar giya yana harara. Rachel ta littafi mace ce da son 'ya'ya ya yi wa yawa har ta shaƙe su da kulawa, a nan an mai da ita azzaluma mai ƙeƙasasshiyar zuciya. Calgary kuwa, mutum mai natsuwa, an mai da shi wanda ya tsero daga asibitin masu taɓin hankali. Na daure, na ce wa kaina ai dole fim ya bambanta da takarda. Kuma gaskiya gidan da aka ɗauki shirin ya yi kyau, tufafin sun yi kyau, Bill Nighy da ya fito a matsayin mijin, Leo, ya iya aikinsa.

Muna tsakiyar kashi na uku aka ɗauke wuta, muka ƙarasa a kan ragowar caji, hasken allon kaɗai a ɗakin. A nan aka nuna wai Leo ne ya kashe matarsa. Kofin shayi na hannuna, ban san sanda na dire shi ba har ya fantsama a tabarma.

A littafi Kirsten ce, ma'aikaciyar gidan 'yar ƙasar Suwidin, mace mai manyan shekaru da ba wanda ya taɓa cewa yana so. Jacko ya yaudare ta da kalaman soyayya, ya sa ta yi kisan ta miƙa masa kuɗin Rachel, shi kuma ya fita titi neman motar da za ta zame masa shaida. Sai bayan an kama shi ta gano ashe yana da mata a ɓoye. Wato wanda aka zo wankewa shi ne ya kitsa komai. Na tsani abin da Kirsten ta yi, amma duk karatun da zan yi sai na tausaya mata, don na san mata irinta da aka ci da baki. Sarah Phelps da ta rubuta shirin ta share wannan duka. Ta mai da Kirsten uwar yaron, Leo ubansa, shi kuma yaron bai san hawa ba bai san sauka ba. Mugun attajiri ya yi kisa, wannan ai na gani a finafinai ba adadi.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, wallahi ni ya burge ni. Da an bar shi yadda kika sani, me za ki zauna kallo?"

Na ce mata ni ba don in san wa ya yi kisan nake komawa littafin ba, wannan na sani shekara da shekaru. Ina so ne in ga fuskar Kirsten ranar da matar Jacko ta ƙwanƙwasa ƙofa. Shekara nawa ina zana fuskar nan a raina, yau na sa rai zan gan ta da idona. In labarinsu daban suke son bayarwa, me ya hana su raɗa masa suna daban?

Ta yi shiru, can ta ce, "To ki ara mini in karanta."

Ban taɓa bari littafin nan ya fita daga ɗakina ba. Bayan isha'i na ɗauko shi daga akwati, na sa shi a leda saboda zaren ya fara saki, na ce ta riƙa buɗe shi a hankali, kar kuma ta naɗe kunnen shafi. Ta sa a jaka ta tafi. Ɗazu ta turo mini saƙo, wai Calgary ya hau kwalekwale zai haye kogi zuwa gidan.