Godiya Bayan Kammala Gasar Wasannin Makarantun Sakandaren Shiyyarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Alhamdulillahi, gasar bana ta zo ƙarshe, an miƙa kofi, yaranmu sun koma aji lafiya. Ni ne sakataren kwamitin gasar, wayata ce ke ruri duk sa'ad da wani abu ya kwaɓe, don haka ni ya kamata in fito in faɗi waɗanda suka riƙe mu har muka kai gaci. Wanda ya zo ranar wasan ƙarshe ya ga tafi da sowa, amma yawancin waɗanda zan ambata ba su ma samu wurin zama ba a ranar, suna can suna kai da komo.

Zan fara da iyayenmu shugabannin makarantu. Gasar nan tasu ce, mu 'yan aike ne. Su ne ke zama a farkon zangon karatu su amince da dokokin gasa, su yanke kuɗin da kowace makaranta za ta zuba, su zaɓi shugaba da sakatare da ma'aji da kwamitin ladabtarwa. Sharaɗi ɗaya suka gindaya mana, cewa kada ko wasa ɗaya ya faɗo cikin makon jarrabawa. Allah ya saka musu da alheri, ko da yake sharaɗin nan ya hana mu barci.

Dalili kuwa lissafi ne. Makarantu 12 muke da su. In kowace za ta kara da kowace sau ɗaya, wasanni 66 ke nan, ba zangon da zai ɗauke su. Wani malamin lissafi, wanda bai taɓa zama koci ba, shi ya fitar da mu. Ya raba makarantun rukuni biyu, shida-shida, bisa kusancin hanya don a rage wahalar mota. Kowane rukuni wasanni 15, uku a kowane mako, cikin mako biyar an gama. Aka ɗora wasannin kusa da na ƙarshe guda biyu, da na neman matsayi na uku, da na ƙarshe, jimla 34. Sau huɗu ya sake rubuta jadawalin nan da hannu domin kada wata makaranta ta yi tafiya sau uku a jere. Malam, mun gode, Allah ya ƙara basira.

Sai inda muka sha wuya. A mako na huɗu wata makaranta ta shigar da ƙorafi a rubuce, cikin awa 24 kamar yadda dokarmu ta tanada, cewa ɗan wasan gaban abokan karawarta ya wuce shekarun gasa. Matsalar shekaru ba mu kaɗai take damu ba. FIFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, da kanta sai da ta koma ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI don tantance shekarun 'yan wasa a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009. Mu ba mu da na'ura, abin da ke hannunmu shi ne takardar haihuwa, da rajistar shiga makaranta, da katin shaida mai hoto wanda shugaban makaranta ya sa wa hannu. Kwamitin ladabtarwa ya zauna, duk mai alaƙa da makarantun biyu ya fita daga ɗakin, aka jera takardun. Rajistar da aka yi wa yaron tun yana aji ɗaya ta saɓa da abin da aka kawo mana. Hukuncin a rubuce yake tun kafin a take ƙwallo: duk wasan da ya buga an ba abokan karawa nasara da ci 3 da nema. Makarantar da ke saman rukuni ta wayi gari a ta huɗu.

Na zaci gasar za ta watse a makon nan, don an yi ta aiko mini da maganganu marasa daɗi. Amma ranka ya daɗe shugaban wannan makaranta ya kira ni da kansa, ya ce sakacin daga ofishinsa ne, ba zai ɗaukaka ƙara ba, kuma yaransa za su fito wasan mako na biyar. Suka fito, suka buga, suka ci. Roƙo ɗaya ya yi, kada a bari a riƙa yi wa yaron ihu, domin ba shi ya cike takarda ba. Ina tare da shi a kan haka, kuma na gode wa kociyoyin da suka ja kunnen ɗalibansu. Baba, Allah ya ƙara girma.

Alƙalan wasa, ku yi haƙuri da mu. Alawus ɗinku bai taka kara ya karya ba, wani lokacin ma sai an gama wasa da kwana uku yake fitowa. Duk da haka ba a taɓa jiran alƙali ba. Kafin a hura usur sai kun duba kati ɗaya bayan ɗaya, kun gwada da fuska, kun duba takalma da raga. Ranar da motar wata makaranta ta mutu a hanya, yara shida kaɗai suka iso, alƙali ya ƙi fara wasa, domin dokar ƙwallon ƙafa ba ta yarda ƙungiya ta buga da ƙasa da mutum 7 ba. Aka jira, sauran suka iso, aka buga. Rahoton da kuke miƙo mini bayan kowane wasa da shi nake cike tebur, maki 3 ga wanda ya ci, 1 in an yi canjaras, da shi kuma nake ƙirga katin gargaɗi don a san wanda zai huta wasa na gaba. A rukuni na biyu makarantu biyu suka yi kunnen doki a maki, bambancin ƙwallaye ya raba su, ba wanda ya ce uffan saboda komai na rubuce.

Ga 'yar'uwarmu ma'aikaciyar jinya godiya ta musamman. A wasan kusa da na ƙarshe yara biyu suka yi karo da kai, ɗaya ya tashi yana tangaɗi yana cewa lafiyarsa ƙalau. Koci na son ya koma, 'yan kallo na son ya koma, ita ta ce ba inda za shi sai asibiti. Mahaifinsa ya zo washegari yana sa mata albarka. Ita ce kuma ta matsa aka sa dokar tsawa cikin kundinmu: da an ji cida a bar fili, ba dawowa sai an yi minti 30 ba a sake ji ba. Sau ɗaya muka yi amfani da ita bana, ya kuma ishe ni hujja.

'Yan matanmu na ƙwallon raga sun ba mu wasan da ya fi kowane daɗi, sai da aka kai zagaye na biyar mai maki 15 kafin a san gwanaye. Malamansu mata da suka riƙa raka su kowace tafiya, su suka sa iyaye da yawa suka saki jiki suka sa hannu a takardar izini. Direbobi, masu share fili da zana layi tun da sassafe, masu gadi, ɗaliban da suka ɗebo ruwa, da iyayen da suka bar sana'arsu suka zo kallo, ban san sunan kowa ba, Allah ya sani, shi zai biya ku.

Laifina kuma ba zan ɓoye shi ba. Sau biyu na aika sanarwar canjin fili a makare, har wata makaranta ta je inda ba a wasa. Ina neman afuwarsu, da ta duk wanda na ɗaga wa murya cikin ruɗani.

Ma'aji zai aika wa kowace makaranta bayanin kuɗin da suka shigo da yadda aka kashe su kafin a tafi hutu. A taron rufe kaka akwai shawara ɗaya da zan gabatar: a gama tantance takardun 'yan wasa mako biyu kafin wasan farko, a kuma nuna wa kowace makaranta jerin sunayen sauran. Mai wata shawara ya rubuto ta hannun malamin wasannin makarantarsa. Makarantu uku da har yanzu ba su dawo da tutocin kwana da ƙwallayen kwamiti ba, kun san kanku, muna jira.

Wassalam.
Sakataren Kwamitin Gasa