Tauraruwar Bama da ta kai ni Zariya

Ni dai ban san ranar da wannan ciwon ya kama ni ba, na tara lambobin yabo na tsofaffin sojoji, yanzu guda tara ne a gwangwanin alawa ƙarƙashin gado, uwargida kullum cewa take kuɗin cefane na tafiya a tsatsa. Ta ƙarshe a kasuwar Kurmi na same ta wajen wani dattijo mai tsofaffin kwabbai da tasoshin tagulla. Tauraruwar Bama ce, wadda aka ba sojojin da suka yi yaƙi a ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, mai tsini shida, ƙyallenta ja a tsakiya, gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo, duk ya koɗe. Na juya bayanta, fayau, ba suna ba lamba. Haka Turawan Ingila suka raba na yaƙin Hitila ai, sabanin na yaƙin 1914 da suke buga sunan mutum da lambarsa a jiki. Dattijon ya ce daga wani gida a Tudun Wadan Zariya aka kawo masa, gidan wani ɗan Bama, ya kwatanta min lungun.

Asabar da sassafe na shiga mota a Unguwa Uku, aka cusa mu hurhuɗu a baya, kafin Kwanar Ɗangora ƙafata ta mutu murus, ga direba sai tsayawa yake yana ɗaukar buhuna, ban sauka Zariya ba sai wajen sha ɗaya.

Abin da ya sa na yarda da maganar dattijon, Zariya garin soja ce tun zamanin Turawa, nan dafo yake inda ake horar da kurata, kuma barikin sunansa Chindit, sunan dakarun Janar Wingate da aka jefa bayan layin Japanawa a 1944, har da bataliyoyi uku na Najeriya. Kaduna ma akwai Dalet da Kalapanzin, Legas akwai Myohaung, mutane na faɗin sunayen nan kullum ba su san wurare ne a Bama ba inda rundunoni na 81 da 82 na Afirka ta Yamma suka yi gumurzu, kuma Hausa ce yaren bariki lokacin, har hafsoshi Turawa sai sun koya.

Sai da ɗan acaba ya zagaya da ni lungu uku kafin muka dace. Ɗan marigayin ne ya fito, shi ma ya haura saba'in, ya shimfiɗa min tabarma a zaure. Bayan gaisuwa na ce Baba, wata amana ce na kawo, ina jin ta mahaifinku ce. Ya karɓa ya jujjuya, ya yi murmushi, ya ce "Malam, zauna ina zuwa."

Wlh sai ga shi da tsohuwar jakar fata, ya zazzage, ga tasu tauraruwar Bamar lafiya lau, ga ta 1939 zuwa 45, ga mai kan Sarki Joji ta azurfa-azurfa. Tasu ba ta taɓa barin gidan ba. Kunya ta kama ni, shi ko dariya, ya ce 'yan Bama a unguwar nan da ai sun fi a ƙirga, kowa ya mutu sai jikoki su kwashe kayan akwati su sayar.

Amma a jakar akwai abin da ya fi min lambar, littafin sallama, takardar ta yi laushi kamar tsumma, lambar soja mai farawa da NA, bataliyarsa, shekarar shiga da ta fita. Sunan da ke bin na sojan a ciki ma ba na mahaifinsa ba ne, sunan garinsu aka liƙa masa, kamar yadda aka yi wa da yawa, wane Kano wane Katsina, shi ya sa in ka shiga shafin hukumar kaburburan yaƙi ta Kwamanwel a intanet sai ka ga suna ɗaya ya maimaitu, lamba ce kawai ke raba su, kuma su waɗanda suka mutu kaɗai suke rubutawa, wanda ya dawo gida ba ya ciki.

Baba ya ce tsohon bai cika maganar yaƙin ba, sai dai ruwan sama da matsattsaku da ɗaukar kaya a ka cikin daji. Na ɗauki hoton littafin da izininsa, ya hana ni tafiya sai da na ci tuwo. Da la'asar na kama motar Kano, tauraruwata na aljihun gaba, ya ce in dawo bayan salla akwai wata tsohuwa a bayan masallaci da mijinta ma ya je Bama.