Wasiƙa daga Banaras: Masaƙin da ake kira Kabiru

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Ina fata kuna lafiya, ya kuka ji da ƙurar hunturu? Daga Banaras nake rubuto muku, birnin da ke bakin kogin Ganga a arewacin Indiya, wanda a takardun hukuma ake kira Baranasi, tsofaffi kuma su ce Kashi. Karatu ne ya kawo ni.

Ranar da na je sayen yadi a unguwar masaƙa, mai shago ya tambayi sunana, na ce Kabiru. Ya ajiye almakashi, ya rero mini baiti biyu da Hindi, sannan ya ce ai sunan babban mutumin garinsu na ɗauko.

Wannan Kabir masaƙi ne, a ƙarni na 15 ya yi zamani, wato kusan lokacin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa. A gidan masaƙa Musulmi ya tashi, ana kuma cewa ya yi almajiranci wurin wani malamin Hindu mai suna Ramananda. Mabiyansa na cewa shekara 120 ya yi, daga 1398 zuwa 1518, masana tarihi dai ba su gamsu da wannan lissafi ba. Da baka yake waƙa, da harshen kasuwa, yana jefa ƙoshiyar saƙa. Daga baya aka tattara baitocinsa a littafin da ake kira Bijak, wasu ɗaruruwa kuma suka shiga littafi mai tsarki na mabiya addinin Sik da aka haɗa a 1604.

Bakinsa kaifi gare shi, bai bar kowa ba. Ya ce wa masu bautar gumaka: in da bautar dutse ake samun Ubangiji, shi tsauni guda zai bauta wa, gara ma dutsen niƙa da ke ciyar da mutane. Mai jan carbi kuma ya ce masa, ka shekara kana juya duwatsu a hannu, zuciyarka ba ta juya ba. Ya taɓa malamanmu da ladanai da maganganun da ni Musulmi ba zan karɓa ba, ba kuma zan maimaita su a nan ba. Amma baitinsa na barewar almiski ya zauna mini: tana ta yawo a daji tana neman inda ƙamshi ke fitowa, alhali a cibiyarta yake. Akwai kuma inda ya ce ya fita neman mugu bai samu ba, da ya leƙa zuciyarsa sai ya ga babu wanda ya kai shi. Yaran firamare a nan haddace irin waɗannan suke yi.

Labarin mutuwarsa ne ya sa na hau jirgin ƙasa zuwa garin da ya rasu. 'Yan Hindu sun yi imani duk wanda ya mutu a Kashi ya tsira, shi ya sa har yau tsofaffi ke zuwa nan su jira ajali. Wanda ya mutu a Maghar kuwa, wani ƙaramin gari kusa da Gorakhpur, a da cewa ake yi jaki zai dawo. Kabir da ya yi rayuwarsa kaf a Kashi, da ya ji ƙarshe ya matso sai ya tattara ya nufi Maghar. Hujjarsa ita ce, in gari ne ke tsirar da mutum, to mene ne rabon Ubangiji a ciki?

An ce bayan ya cika rigima ta kaure, 'yan Hindu na son ƙona gawa, Musulmi na son binnewa. Da aka yaye mayafin sai furanni aka tarar, aka raba biyu. Wannan hikaya ce. Abin da idona ya gani dai shi ne hubbare da wurin ibadar Hindu dab da juna a bakin kogin Ami, kowane da masu kula da shi, baƙi na fita daga wannan su shiga wancan, takalmansu a hannu.

Yadin kuwa na saya, mai shagon ya rage mini kuɗi saboda sunan. Zan aiko wa Inna da shi ta hannun mai tahowa.

Naku,
Kabiru