Asabar: na kai agogon Baffa wurin gyara

Tun ranar Talata agogon ya tsaya, ƙarfe huɗu saura minti goma. Na girgiza shi, na yi masa wani, ya yi tafiyar sakan uku ya sake tsayawa. Yau bayan sallar azahar na sa shi a aljihu na nufi Sabon Gari.

Agogon kwaikwayon Rolex ne, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Baffa ne ya kawo mini shi tsaraba shekarar da ya sauke farali, shi ma ranar da ya miƙo mini ya ce, "Ba na ainihi ba ne, amma yana faɗin lokaci." Allah ya jiƙansa. Shi ya sa da matata ta ce in sayi na batir in huta, na kasa ba ta amsa. Jikin agogon nake so, da fuskarsa, da 'yar ƙujewar da ke gefen gilashin tun yana hannun Baffa.

Dattijon da ke mini gyara yana nan a 'yar rumfarsa, gilashin ƙara girma maƙale a ido. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida, sannan ya buɗe bayan agogon. Bai yi minti ɗaya ba ya miƙo mini gilashin ya ce in duba da kaina. Tsatsa ce ja ta bi sandar da ake yin wani da ita har cikin inji. Zoben robar da ke hana ruwa shiga ya bushe ya tsattsage.

"Kana alwala da shi ko?"

"Ina yi, Baba."

"To ga shi nan. Kullum sau biyar, ga gumi, ga ƙurar hunturu. Ai ya yi ƙoƙari."

Injin ciki shi ne wanda masu gyara ke kira 2813, ɗan China, mai araha. Baba ya ce wanke shi da canja abin da tsatsa ta ci zai fi kuɗin sabo, gara a sa wani injin. Nan na fito da abin da na kwana uku ina karantawa. Na ce ina son irin ETA 2824-2 na Suwizalan, ko kwafinsa. Yana bugawa sau 28,800 a awa, wato takwas a kowace sakan, hannun sakan na tafiya sumul kamar ruwa. Kaurinsa milimita 4.6 kacal, yana da duwatsu 25 (ƙananan duwatsun da ke rage gogayya a cikin inji), ana ƙera shi tun 1982. Na ma san cewa tun da kamfanin Swatch, mai ETA ɗin, ya fara rage sayar wa na waje da injinansa, mutane suka koma Sellita SW200, China kuma tana da nata, Seagull ST2130.

Baba ya bar ni na gama tsaf. Sai ya jawo wata tsohuwar gwangwanin alewa daga ƙarƙashin teburi ya buɗe. Cike take da matattun injina, kowanne a 'yar ledarsa.

"Ɗana, duba nan. Nawa ka gani irin wanda ka faɗa?"

Biyu na ƙirga. Sauran duk Seiko ne da Miyota.

"Ranar da haƙorin wili ɗaya ya karye, daga nan zan ciro maka. Wanda babu shi a gwangwanin nan, sai ka jira wata guda a kawo daga waje, in ma an samu."

Wannan maganar ta zauna mini. Duk karatun da na yi, lambobi nake kwatantawa, ban tambayi kaina hannun wa agogon zai koma bayan shekara biyar ba. Ya ƙara da cewa akwai masu kawo masa agogunan da aka kwaikwayi injin Rolex ɗin kansa a ciki, kyakkyawa a ido, amma kayan gyaransu ba su da tabbas, wani lokaci ko kayan na ainihi ba sa hawa kansu. Irin waɗannan yakan mayar wa mai su ya ba shi haƙuri.

Sai na ce to a sa NH35 na Seiko, tunda kowa na yabonsa. Shi ma Baba ya fi ƙaunarsa. Duwatsu 24, bugu 21,600 a awa, in ya cika wani yana kai wa awa 41 a ajiye. Ƙarfen da ke lilo a bayansa yana yi masa wani ko ta wane ɓangare ya juya, in ka ja kan wanin kuma hannun sakan na tsayawa cak, ka saita shi daidai da labaran rediyo. Duk wanda ya girma yana ganin Seiko 5 a hannun iyayenmu ya san jinin gidan nan da juriya. Da sabon agogo zan haɗa daga farko, da shi zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

Amma bai shiga ba. Baba ya ɗora ɗaya a gefe ya nuna mini dalilai ɗaya bayan ɗaya. Faɗinsa ya haura milimita 27, ya fi gurbin. Ƙafafu biyu da ke bayan fuskar agogona ba su dace da ramukansa ba, sai dai a yanke su a manna fuskar da gam. Ramin hannun minti ma ya bambanta, dole a canja hannuwa. Na ce a'a. In aka yanke fuska aka canja hannuwa, me ya rage na Baffa?

Abin da ya rage shi ne Miyota 8215, na rukunin Citizen a Japan, wanda ake yi tun 1977. Daga tsarinsa aka ɗauko 2813 ɗin, don haka galibi fuska da hannuwa suna hawa ba gardama. Duwatsu 21, bugu shida a sakan, wanin kusan awa 42. Baba bai ɓoye mini halinsa ba. Ta ɓangare ɗaya kawai yake karɓar wani, in ƙarfen ya juya ɗaya gefen za ka ji shi yana wulwulawa a hannunka. In ka buga hannu da wani abu, hannun sakan yakan ɗan yi jim kafin ya ci gaba, amma lokacin bai ɓace ba, yadda aka haɗa wilin ne. Tsofaffin fitowarsa kuma ba sa tsayar da sakan wajen saiti. Duk na ji na amince.

Ya gwada wani tsoho daga gwangwanin don a ga zama. Fuska ta hau, kwanan wata ya faɗo tsakiyar tagarsa daidai. Sandar wani ce kawai za a yanke a rage mata tsawo. Na roƙe shi ya canja duka robobin, na baya da na kan wani, ya kuma saka mini tsohon injin a leda in tafi da shi gida. Ya kalle ni ya ce, "Na gane."

Na ba da rabin kuɗi, sabon injin zai iso ranar Laraba. Zai riƙe agogon kwana biyu yana lura da gudunsa kafin ya ba ni. Da la'asar a masallaci na kai hannu zan cire shi kafin alwala, sai na tarar da farin zanen da ya bari a wuyan hannuna.